Facin Injiniya a Gidan Wanki

A layin da gidan wankin yake, babu wanda bai san Injiniya ba. Ba a taɓa ganin takardar da ta ba shi wannan suna ba, amma ya daɗe yana amsa shi har matarsa ma ta haƙura ta bi sahu. Ɗan gajere ne mai tumbi, kullum da jakar kwamfuta a kafaɗa da sukundireba biyu a aljihun gaba. Duk abin da ya lalace a gabansa, daga fanka har zuwa auren maƙwabci, kafin ka rufe baki ya ce, "Wannan ai aikin minti goma ne."

Gidan wankin na yayarsa ne. Da hannu da inji ɗaya ta fara a bayan gida, yau ga ta da rassa uku, da motar kai kaya, da ma'aikata goma sha bakwai. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa har ya haura arba'in Auta take ce masa. Ta ba shi tebur a ɗakin baya kusa da babbar kwamfuta, shi kuma ya zaɓa wa kansa muƙami, ya buga a takarda ya manna a ƙofa: Babban Mai Ba da Shawara kan Fasaha. Aikin kwamfutar na gaske kuwa wata mata ce ke yi, mai magana ƙasa-ƙasa, da kowa ke kira Mai Tabarau. Litinin da Juma'a take zuwa.

Duk rigar da ta shigo gidan, lamba ake liƙa mata, a rubuta sunan mai ita da lambar wayarsa da ranar da ya kawo. Waɗannan duka suna zaune a rumbun bayanai, wato manhajar da ke riƙe da jerin kayan mutane a cikin babbar kwamfuta. To, rumbun nan yana da wata cuta. Idan rassa biyu suka rubuta tikiti a daidai lokaci guda, sai ya musanya sunayen. Ba kullum ba, sau ɗaya ko biyu a mako. Amma ranar wata Litinin wani tsohon shugaban makaranta ya zo karɓar kwat ɗinsa, ya buɗe leda a gaban mutane, ya zaro rigar barci mai furanni. Ya ninke ta da kyau, ya ajiye a kan kanta, ya dubi Yaya ta saman tabarau yadda ake duban ɗalibin da ya makara.

Kafin azahar Yaya ta tara su a ɗakin baya.

Mai Tabarau ta ce, "Waɗanda suka rubuta manhajar sun gano matsalar, sun gyara a sabon zubi. Namu ya shekara shida, sun daina kula da shi. Shawarata mu koma sabon. Zan gwada shi a kan kwafi na kwana uku, sannan mu rufe rabin yini ranar Lahadi mu sauya."

"Mu rufe?" in ji Yaya, kamar an ambaci mutuwa. Matar da ranar da ta haifi ɗanta na fari, daga gadon asibiti ta bugo waya tana tambaya ko an kunna injin busarwa.

Injiniya ya kwantar da kujera baya, ya yi wata 'yar dariya ta tausayi.

"Yaya, maɓallin riga ya cire, sai a ce a jefar da rigar? Gyaran nan layi arba'in ne kacal. Na gan shi da idona. In yanko shi daga sabon zubi, in dasa a namu, shi ke nan. Faci ne. Ko ƙofa ba za a rufe ba."

Mai Tabarau ta ce, "Ana yin haka, wani lokaci ma shi ya fi dacewa. Amma wannan gyaran a kan wasu gyare-gyare uku yake zaune."

"Su kuma a kan me suke zaune? Kujera?"

"Ka karanta bayanin da suka rubuta a ƙasansa?"

"Bayani na masu koyo ne, Malama."

"To, ka gwada a kan kwafi tukuna."

"Kwafi! Kin taɓa ganin likita ya gwada allura a jikin hoto?"

Yaya ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ɗaya na cewa a rufe rabin yini, ɗaya na cewa minti goma. Ga shi kuma Mai Tabarau a ranar za ta yi tafiya, 'yarta na dab da haihuwa a wani gari, ba za ta dawo ba sai Juma'a.

"Auta, ka tabbata?"

Ya dafa ƙirji. "Yaya, in na kasa, ki cire takardar nan daga ƙofa."

Mai Tabarau ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo kamar za ta ƙara wani abu, ta ga ya riga ya fara naɗe hannun riga, sai kawai ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta fita.

Washegari Injiniya bai nufi ɗakin baya kai tsaye ba. Sai da ya biya ta shagon Mai Aski, wanda ke jikin gidan wankin, domin a cewarsa babban aiki ba ya son gashi a ƙeya. Tela, wanda shagonsa ke kallon nasu, ya tsallako jin labari.

"Yau zan yi wa rumbun bayanai tiyata," in ji Injiniya daga cikin mayafin aski. "Yana numfashi, yana aiki, zan farke shi in ɗinke. A duk garin nan mu uku ne muka iya. Biyun sun yi ƙaura."

"Allah ya sa ba gudu suka yi ba," in ji Tela.

Mai Aski ya nuna sama da almakashi. "Injiniya, fankar nan da ka gyara min, har yau baya take juyawa."

"Zafi take tsotsewa. Tsarin zamani ne. Kai dai yi askinka."

Da ƙarfe goma sha biyu ya zauna gaban babbar kwamfuta, ya lanƙwasa yatsu suka yi ƙara, ya yanko layi arba'in ɗin nan ya dasa. Kwamfuta ta yi masa gargaɗi da jan rubutu, ya danna ya wuce. Ta sake, ya sake wucewa. Ya kashe ya kunna. Rumbun ya tashi lafiya lau.

Ya fito falon karɓar kaya yana duba agogo. "Minti tara. Na ba ku ɗaya kyauta."

Matar da ke karɓar kaya, wadda ake kira Ta-Kanta, ta shigar da tikitin wani wando ta danna. Wata 'yar ƙawanya ta bayyana a allo tana juyawa. Ta juya, ta juya. Mai wandon ya sauya ƙafa. Ta juya. Mutum biyu suka shigo suka tsaya bayansa.

"Injiniya, ta ƙi."

"Ba ƙi ta yi ba, tunani take. Da can ba ta tunani, shi ya sa take kuskure."

Sai da aka yi minti huɗu tikitin ya fito. Na gaba ya ci biyar. Kafin la'asar layi ya fita ƙofa ya kai bakin shagon Mai Aski, har wani ya zauna aka yi masa aski ya dawo bai rasa gurbinsa ba.

Baba Mai Guga, tsohon da ya fi kowa daɗewa a gidan, ya leƙo daga ɗakin guga da dutsen guga a hannu. "Ɗana, na goge riga bakwai kafin abin nan ya rubuta wando ɗaya. In tunanin ya yi mata yawa, ka ce ta zo ta riƙe min hanga."

"Baba, ka ga an musanya suna ko ɗaya yau?"

"Ina za a musanya, ba a rubuta ba?"

Injiniya ya koma ɗakin baya ya rufe ƙofa. Ya waiga hagu da dama, sannan ya gangara ƙasan shafin ya karanta bayanin nan na masu koyo. Gyare-gyare uku, kamar yadda aka faɗa masa. Ya yi tsaki. "Da sun faɗa tun farko."

Ranar Laraba da safe ya kwaso ukun gaba ɗaya ya cusa. Na ukun bai shiga daidai ba, saboda wurin da ya kamata ya zauna babu shi a tsohon zubi, sai ya samo wani wuri mai kama da shi ya liƙa a can. Ya kashe ya kunna.

Ai kuwa sai ga gudu. Kafin Ta-Kanta ta ɗage yatsa tikiti ya fito. Layi ya narke cikin rabin awa. Injiniya ya buga jerin kayan da za a kai gidaje da ma'aikatu, ya miƙa wa direba da hannu ɗaya kamar mai ba da lambar yabo, direba ya loda ya tafi. Yaya ta ga komai na tafiya, ta shafa kan ƙanenta a gaban ma'aikata, ta wuce duba wani reshe. Shi kuwa ya fita bakin titi ya tsaya, hannu a ƙugu, don masu wucewa su gan shi.

Ta-Kanta ta biyo shi da tikiti. "Injiniya, wannan ya ce a shekarar 1970 aka kawo zanen gadon."

"Ƙaramin abu ne."

"Wannan ma haka. Duka haka suke."

"Kwanan wata ake wankewa ko zanen gado? Koma bakin aikinki."

Abin da ya faru shi ne, sabon zubi da tsohon ba iri ɗaya suke ƙirga lokaci ba. Facin da ya liƙa ya sa rumbun ya karanta kowace rana a matsayin wata rana can shekaru hamsin da 'yan kai baya, ya kuma manta waɗanne kaya aka riga aka karɓa. Akwai kuma wani tsari da gidan ya daɗe da shi: duk kayan da suka wuce wata uku ba a karɓa ba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe kwamfuta kan tura wa mai su saƙo a waya. A mako bai fi mutum biyu ko uku ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta buga.

Wayar Mai Aski ce ta fara ƙara. Sai ta mutumin da yake yi wa aski. Sai ta Tela. Sai ta mai sayar da jarida, da ta matar da ke tsallaka titi, da ta Ta-Kanta, da ta Injiniya kansa a aljihu. Layin gaba ɗaya ya ɗauki tsuwa kamar an saki 'yan tsaki ɗari.

Mai Aski ya fito yana karantawa da ƙarfi. "Kayanka sun shafe shekara hamsin da huɗu a wurinmu. Idan ba ka karɓa yau kafin ƙarfe biyar ba, za a raba su ga mabukata." Ya ɗago kai. "Injiniya, tawul ɗina sun girme ni da shekara tara."

Tela ya ce, "Ni labulen da na kawo shekaranjiya, ashe kakana ne ya kawo shi."

"Gwaji ne," in ji Injiniya. Muryarsa ta ɗan sirance. "Muna gwada saurin saƙo."

"Mutum nawa kuka gwada da su?"

Ta-Kanta ta leƙo daga ƙofa. "Dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu. Duk wanda ya taɓa kawo ko safa."

Wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce. Bai kai ta kunne ba ya ji, "Auta!"

"Yaya, komai na hannuna."

"Ni ma an turo min! A gidana za a raba kayana ga mabukata?"

"Minti goma, Yaya."

Kafin sha biyu mutane sun fara sauka. Masu babur, masu mota, masu ƙafa. Wani ma'aikacin banki ya baro aiki da igiyar wuya a karkace. Wata tsohuwa ta zo da jikokinta biyu domin su taya ta faɗa. Wani mutum da ya karɓi kayansa tun bara ya zo shi ma, ya ce ko an manta da wani abu ne. Har da wasu da ba su taɓa kawo wanki ba, sun ji ana rabo ƙarfe biyar, suka zo suka kama wuri da wuri.

Injiniya ya kulle kansa a ɗakin baya, gumi na bin askin jiya. Ya yi ƙoƙarin cire facin, ya rasa inda ya liƙa na ukun. Sai wata dabara ta faɗo masa, har ya buga tebur.

"A koma sabon zubi! Ai dama can ra'ayina ke nan."

Ya sauko da sabon zubi ya danna. Kwamfuta ta ce babu isasshen wuri. Ya duba ya ga wata jakar fayiloli a cikin kwamfutar mai suna Ajiya ta cinye fiye da rabin wurin, cike da abubuwa masu sunaye iri ɗaya, sai kwanan wata ya bambanta su. "Tarkacen Malama," ya ce. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Injiniya bai taɓa rashin tabbata ba a rayuwarsa. Ya goge.

Sabuntawa ta fara. Kashi goma, talatin, hamsin. A waje ana dukan kanta. Kashi sittin da ɗaya. Nan ta tsaya. Sabon zubi ya ci karo da facinsa, ya ga abin da ba na tsoho ba kuma ba na sabo ba, ya ja birki. Allo ya yi baƙi, da layi ɗaya na rubutu wanda ko Babban Mai Ba da Shawara bai fahimta ba. Ya kashe ya kunna. Ya sake. Ya bugi gefen kwamfutar da tafin hannu. Ya hura mata iska.

Daga ƙarshe ya kira Mai Tabarau. Ta ɗauka, kukan jariri na tashi a bayanta.

"Barka, barka, Malama! Mace ko namiji?"

"Mace. Injiniya, saƙon me na gani a wayata?"

"Wata 'yar tambaya ce dama. A ce, misali, wani mutum, ba ni ba, rumbunsa ya tsaya a tsakiyar hanya."

"Kada ka taɓa komai. Akwai kwafin kowace rana a jakar Ajiya. A dawo da na ranar Litinin, cikin awa ɗaya kun koma yadda kuke."

Injiniya ya dubi baƙin allon.

"Injiniya?"

"Wace Ajiya? Mai girman nan?"

"Me ka yi mata?"

"Na ɗan rage mata nauyi."

Sannan Mai Tabarau ta ce, a hankali, tana da wani kwafi a gida, amma na ƙarshen watan jiya ne, kuma mabuɗin gidan na jakarta, ita kuma ba za ta bar 'yarta ba sai Juma'a. Ma'ana, kaya sama da dubu biyu da ke rataye a gidan yanzu, kowanne da lambarsa, babu wanda ya san na wane ne.

Ana cikin haka motar kai kaya ta dawo, motoci biyu na biye da ita suna ƙaho. Jerin da Injiniya ya buga da safe ashe shi ma ya zame, kowane kaya ya tafi adireshin da ke ƙasansa. Daga motar farko kocin wata ƙungiyar ƙwallo ya fito da buhu a ka, ya zazzage a bakin ƙofa.

"Ƙarfe huɗu muke da wasa! Rigunan 'yan wasa ashirin da biyu na kawo. Mene ne wannan?"

Baba Mai Guga ya ɗaga ɗaya. "Rigar matashin kai ce. Guda sittin. An goge su da kyau kuwa."

Daga mota ta biyu manajan wani otal ya fito, otal ɗin da ya fi kowa kawo wa gidan aiki. Yana riƙe da jar riga mai lamba tara a baya, da yatsu biyu. "Baƙi tamanin ke sauka yau. Da wannan zan shimfiɗa musu gado?"

Yaya ta iso a daidai lokacin. Ta ratsa taron, wannan na ja mata hannu, wancan na nuna mata waya, wata mata na kuka rigar auren 'yarta ce a ciki kuma Asabar ne bikin. Ta kai ƙofar ɗakin baya ta buga.

"Auta, buɗe."

Injiniya ya dubi ƙofa, ya dubi 'yar tagar da ke saman tebur, wadda ke kallon lungu. Ya auna ta da ido, ya yanke hukuncin cewa za ta ɗauke shi. Ya hau tebur, ya tura jakar kwamfuta, ya tura kai, ya tura kafaɗu. Tumbi ya ce nan ne iyaka.

Lungun kuwa ba kowa a cikinsa sai waɗanda suka zo rabo, an kore su daga gaba sun zagayo inuwa. Suka ɗaga kai suka ga rabin mutum a bango.

"Ga shi nan! Ta taga za a fara rabon!"

Kafin ka ce me, taron gaba ya zagayo baya. Injiniya na lilo da hannaye, sukundireba na zubowa daga aljihu. Duk da haka ya gyara murya.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. Wayar lantarkin da ta shiga ta nan nake dubawa."

"Ina wandona?"

"Ina rigar 'yata?"

"Shekara hamsin kuna riƙe da bargona, ku ji tsoron Allah!"

A ciki an ɓalle ƙofa. Baba Mai Guga ya kama ƙafa ɗaya, direba ya kama ɗaya, koci ya ba da umarni kamar a fili: ɗaya, biyu, ja! A ja na uku Injiniya ya dawo ɗaki gaba ɗayansa, sai dai wani dogon sauti ya biyo shi. Wandonsa ya rabe daga ƙugu har gwiwa.

Tela, wanda ya shigo kallo, ya sunkuya ya duba ɓarnar da idon sana'a. "Injiniya, a yi faci ko a koma sabon zubi?"

Har manajan otal sai da ya juya baya yana tari.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta dubi baƙin allon, ta dubi ƙanenta a zaune a ƙasa yana riƙe da wando da hannu biyu.

"Shekara goma sha takwas," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Da hannuna na fara wanke kayan mutanen nan. Ba su san fuskar kwamfuta ba, fuskata suka sani."

Wannan ta shige shi.

Ta sa aka ɗaura masa zanen gado a ƙugu, aka fito da benci bakin ƙofa, aka ɗora shi a kai. Ma'aikata suka yi layi suna miƙo kaya daga ciki, shi kuma yana ɗagawa sama yana shela.

"Shuɗiyar riga mai dogon hannu! Ta wa ce?"

Hannu huɗu suka tashi.

Baba Mai Guga ya karɓa ya juya wuyan. "Ta mai gemun can ce. Shi ke cin wuyan riga ta hagu. Shekara shida ina fama da shi." Mai gemu ya karɓa yana sunne kai, sauran ukun suka sauke hannu ba kunya.

Haka aka yi ta yi. Baba ya san kwat ɗin da gwiwar hannunsa ta yi ƙyalli, ya san siket ɗin da aka ƙara wa ƙugu sau biyu, ya san wanda ke manta alƙalami a aljihu. Koci ya karɓi rigunansa daga hannun manaja saura minti ashirin a fara wasa. An gano rigar amarya a reshe na uku, rataye da sunan wani mahauci. Manajan otal ya sami zannuwansa dab da magariba, ya kuma gaya wa Yaya a gaban kowa cewa daga wata mai zuwa rabin aikinsa wani gidan zai kai. Ta ce ta gode, ba ta roƙe shi ba.

"Gajeren wando, ja, mai hoton zaki!" Injiniya ya ɗaga, muryarsa ta dishe. "Na wa ne?"

Babu wanda ya motsa. Tsohon shugaban makaranta, wanda ya zo neman kwat ɗinsa karo na biyu, ya kafa wa sararin sama ido da tsananin sha'awa.

Kwana biyu Injiniya ya yi a kan bencin nan. Ranar Juma'a Mai Tabarau ta dawo da kwafinta, ta zauna ta kama aiki ba ta ko dube shi ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ta gwada sabon zubi a kan kwafi kwana uku, ta gano abu biyu da za su karye, ta gyara. Aka rufe gidan, ba rabin yini ba, yini biyu cur, ma'aikata na sake shigar da kayan mako uku da hannu. Ranar da aka buɗe, rassa uku suka rubuta tikiti a lokaci guda, kowane suna ya zauna a wurinsa.

Ragowar kayan da masu su suka yi fushi suka ƙi dawowa, ƙulli ɗari da 'yan kai, Yaya ta ce a bi su gida-gida a ba su haƙuri. Baba ya faɗi mai kowane ƙulli, Injiniya ya rubuta suna a takarda ya manna, aka ɗora masa a kafaɗa. Ya gaya wa Mai Aski cewa an ƙara masa girma zuwa sashen hulɗa da jama'a.

A gida na farko wata malamar asibiti ta buɗe ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne na taga?"

"Ni ne na fasaha, Hajiya. Matsalar tsohon zubi ce. Tun farko na ce a sabunta, ba a saurare ni ba. Amma yanzu na daidaita komai. Ga kayanki, da haƙurin gidanmu."

Ta warware ƙullin a nan bakin ƙofa. Ta zaro wani ƙaton wando na makaniki, mai aljihu takwas, wanda mutum biyu irinta za su shiga su bar wuri.

Injiniya ya girgiza kai cikin takaici. "Kin gani ko? Kwamfutar nan har yanzu."

Matar ta ciro takardar da ke manne a ƙullin, ta juyo masa da ita.

"Kwamfutarku da biro take rubutu?"